Wa Ya San Ka? Abin Da Bankin Ƙasar Waje Ke Nema Daga Baƙo

Damari, a ƙaramar hukumar Sabuwa da ke kudancin Jihar Katsina, gari ne na manoma, kuma wanda ya san kasuwar hatsi ta Dandume ya san irin masara da dawa da shinkafa da waken suya da wannan yanki ke fitarwa. Amma yankin, har da maƙwabtansa Faskari da Ƙanƙara, yana da 'ya'ya a waje. Akwai mai aiki a Makka ko Jidda, akwai mai kai-komo da kaya tsakanin Jibiya da Maraɗi, akwai ɗalibi a Masar ko Ingila, ga kuma sabon rukunin samari da ke zaune a gida suna yi wa mutanen wata ƙasa aiki ta intanet, ana biyansu da dala. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ɗaya ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, maganar buɗe asusu a ƙasar waje ta bar bakin attajirai kaɗai ta shigo majalisar talakawa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan akwai kuɗi a hannu, magana ta ƙare. A can kuwa kuɗi ne abu na ƙarshe da ake tambaya. Banki yana fara son sanin wane ne kai, a ina kake kwana, da izinin wa kake zaune a ƙasar, kuma ta wace hanya ka samo abin da ka kawo. Saboda haka asusun waje kayan aiki ne ga wanda yake zaune ko yake samun kuɗi a can bisa doka, ga wanda yake gida kuwa yana neman maɓoya daga faɗuwar naira, yawanci ɗawainiyarsa ta fi amfaninsa.

Wannan tambaya ta waye ya san ka ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Fataken goro da suka riƙa bin hanyar Gwanja, suna sauka a Salaga da Kumasi da Ankara, ba sa shiga kasuwa kai-tsaye su fara ciniki. Sai sun sauka a zango wurin maigida, shi zai ba su masauki, ya ajiye musu kaya da kuɗi, ya haɗa su da mai saye, ya kuma tsaya musu idan aka ba da bashi. Darajar baƙo a kasuwar ta dogara da darajar wanda ya karɓe shi. Alhassan Ɗantata ya yi wannan fatauci shekaru masu yawa kafin ya zauna a Kano, kuma tarihi ya nuna a 1929 ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙumi 20 reshen bankin Turawa na Bank of British West Africa da ke birnin. Sunansa ya riga kuɗinsa isa bankin. Abin da ya sauya a yau shi ne wanda ke tsaya wa baƙo. Aikin da maigida yake yi da bakinsa da mutuncinsa ya koma hannun fasfo da biza da takardar izinin zama, kuma ma'aikacin banki ba shi da ikon karɓar shaidar baki komai yardarsa da kai.

Dalilin wannan tsanani yana da tarihi. A 1989 manyan ƙasashe bakwai masu ƙarfin masana'antu suka kafa hukumar FATF a birnin Faris domin yaƙi da halasta kuɗin haram, bayan harin 11 ga Satumban 2001 kuma aka ƙara mata aikin toshe hanyoyin kuɗin ta'addanci. Ƙa'idojinta ne suka wajabta wa kowane banki ya san abokin hulɗarsa, kuma wanda ya yi sakaci yana biyan tara mai nauyi. A 2012 bankin HSBC ya biya hukumomin Amurka dala biliyan 1.9 saboda ya bar kuɗin masu safarar ƙwaya sun ratsa ta cikinsa. Bankin da ya ga haka zai gwammace ya rasa ƙaramin mai ajiya ɗari a kan ya karɓi ɗaya da zai jawo masa fitina. Ɗan Najeriya kuma yana ɗauke da ƙarin kaya. Ɗaruruwan miliyoyin dalolin sata da aka dawo wa ƙasar da su daga Siwizalan da tsibirin Jasi sun bar tabo, kuma a Fabrairun 2023 FATF ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido, ba ta cire ta ba sai Oktoban 2025. Manomin Damari bai saci ko kwabo ba, amma koren fasfonsa ɗaya ne da na wanda ya sata, kuma kwamfutar banki fasfon take fara gani.

Idan aka tattara abin da bankunan duniya ke nema daga baƙo, kusan abu huɗu ne ko'ina: fasfo mai rai, shaidar cewa zamansa a ƙasar halastacce ne, shaidar adireshi, da bayanin inda kuɗinsa ke fitowa. Na ukun ne ya fi wahalar da mutanen karkara. A Damari ana samun gidan mutum da sunan unguwa da sunan mahaifinsa, kowa ya san ƙofar, amma babu lambar gida, babu takardar kuɗin wuta ko ta ruwa da sunansa a kai. Na huɗun ma haka. Wanda ya sayar da buhun masara 200 a Dandume aka ƙirga masa tsabar kuɗi a hannu ya samu dukiyarsa ta halal, sai dai ba shi da takardar da za ta faɗi haka da yaren banki. Shi ya sa hanyar zuwa bankin Jidda ko na Landan take farawa daga bankunan Funtuwa. Lambar banki ta BVN da aka ƙaddamar a Fabrairun 2014, da lambar ɗan ƙasa ta NIN, da fasfo, dole suna da ranar haihuwa su zo daidai a dukkansu, domin Muhammadu a wata takarda da Mamman a wata ya isa a mayar da mutum. Kuɗin cinikin amfanin gona da suka riƙa shiga asusu suna fita shekara biyu ko uku su ne shaidar da baƙo zai miƙa a ƙasar da ba wanda ya san gonarsa.

Saudiyya ce ƙasar da wannan magana ta fi shafar Hausawa a cikinta. A can igama, wato katin izinin zama, ita ce mabuɗin komai. Da ita ake buɗe asusun albashi a bankuna irin su Al Rajhi, da ita ake mallakar layin waya na dindindin, kuma idan wa'adinta ya ƙare ba a sabunta ba, banki yana daskarar da asusun har sai an gyara. Wanda ya shiga da bizar Umara ko ta Hajji ya maƙale, abin da aka sani da zaman takari, ba shi da hanyar mallakar asusu da sunansa. Kuɗinsa suna ƙarƙashin katifa ne, ko a hannun wani ɗan'uwa mai igama. Samamen da hukumomin Saudiyya suka yi a ƙarshen 2013, da shirin korar masu zama ba bisa ƙa'ida ba da aka fara a 2017, sun nuna haɗarin wannan hali, domin wanda aka kama a titi ana kai shi wurin tsarewa ne daga nan sai jirgi, ba a ba shi damar zagayawa karɓar ajiya. Mai igama kuwa yana karɓar albashinsa da riyal, kuɗin da ke ɗaure da dala a kan 3.75 tun 1986, yana turo wa iyali ta hanyar da ke da rasit. Bambancin mutanen nan biyu ba ƙwazo ba ne ko yawan samu, takarda ce.

Nijar ta fi kusa, kuma ɗan kasuwar Katsina ba ya jin kansa baƙo a Maraɗi, inda harshe da addini da auratayya suka haɗa mutane. Sefa, kuɗin ƙasar, tana ɗaure da yuro a kan 655.957, abin da ya sa take da kwarjini a idon wanda naira ta ƙona, kuma akwai bankuna kamar Sonibank da Bank of Africa da Ecobank, ga kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza. Ga mai shago ko mai sito a Maraɗi, wanda yake saye da sayarwa da sefa, asusu a can ya zama dole. Amma mai son ajiya kawai ya tuna abu biyu. A Janairun 1994 an wayi gari an rage darajar sefa da rabi. Sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, aka tsayar da hada-hadar kuɗi, bankunan ƙasar suka shiga ƙarancin takardun kuɗi, ba a janye ba sai Fabrairun 2024. Wanda yake Sabuwa a waɗannan watanni, kuɗinsa kuma suna Maraɗi, tafiyar da ba ta kai yini ba ce ta raba shi da su, amma siyasar da ba shi da hannu a cikinta ta tsaya a tsakani.

Samarin da ke aiki ta intanet su ne suka fi yarda cewa zamani ya rushe waɗannan shingaye. Gaskiya ne wurare kamar Istoniya da Dubai a 2020, da Fotugal a 2022, sun fito da biza ta musamman ga masu aiki daga nesa, amma kowacce tana neman shaidar samun kuɗi mai kauri duk wata, kuma ita kanta bizar izinin zama ce, wato an dawo kan takarda. A Ingila dokar shige da fice ta 2014 ta hana bankuna buɗe wa marar izinin zama asusu, ɗalibi ma sai ya kawo wasiƙar jami'arsa da adireshi. Abin da saurayin da ke gida yake samu a manhajoji irin su Payoneer ko Grey lambar karɓar dala ce da kamfanin ya samar masa ta hannun wani banki a waje. Tana da amfani ƙwarai wajen karɓar ladan aiki, sai dai kamfanin yana iya rufe ta duk ranar da ya sake lissafi, kamar yadda Mercury na Amurka ya sallami abokan hulɗarsa mazauna Najeriya a 2024. Mutanen wannan yanki kuma sun san wani rauni da na birni bai ɗanɗana ba. A Satumban 2021 an katse sabis na waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da Dandume da Funtuwa, aka shafe watanni. Asusun da ba shi da ofishi, wanda ba ya buɗuwa sai an turo lambar sirri ta waya, hanya ce ta wucewar kuɗi, bai kamata ya zama rumbu ba.

Mai musu zai ce duk wannan ya ji, amma naira tana narkewa, kuma wanda ya ajiye miliyan ɗaya a farkon 2023 ya ga abin da ta koma. Kukansa gaskiya ne, sai dai ya haɗa abu biyu da suka bambanta, wato irin kuɗin da ake ajiyewa da ƙasar da ake ajiye su. Doka ta yarda ɗan Najeriya ya buɗe asusun dala ko fam ko yuro a bankin gida, kuma a Yunin 2023 Babban Banki ya sassauta ƙa'idojinsa har aka yarda a riƙa tura dala 10,000 a rana daga cikinsa. Za a iya cewa gwamnati tana sauya ra'ayi, kamar yadda aka hana zuba tsabar dala a irin wannan asusu a 2015 kafin a janye a farkon 2016, kuma ba wanda ya manta wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023. Haka ne. Amma a gida mai ajiya yana da manajan da zai iya samu ido da ido, da kotun da zai kai ƙara, da harshen da zai yi bayani. Ita ma dalar ba kullum take riba ba. Waɗanda suka saye ta kusan naira 1,900 a kasuwar bayan fage a Fabrairun 2024 sun gan ta ƙasa da 1,200 a Afrilu. Manomin da zai sayi taki da naira, ya biya 'yan ƙwadago da naira, ya aurar da 'ya da naira, duk canji biyu da zai yi akwai abin da zai bari a hannun ɗan canji.

Zaton cewa bankin waje ba ya girgiza shi ma yana buƙatar gyara. Ɗaliban Arewa da ke karatu a Khartum sun ga yadda aka rufe bankuna aka wawashe wasu bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a ranar 15 ga Afrilun 2023. A Labanan, ƙasar da aka daɗe ana yabon bankunanta, masu ajiyar dala sun wayi gari a ƙarshen 2019 ba sa iya cire kuɗinsu sai ɗan abin da aka yanka musu. Ƙasashe masu tsari suna da inshorar ajiya: dala 250,000 a Amurka, yuro 100,000 a Tarayyar Turai. Najeriya ma tana da hukumar NDIC, wadda ta ɗaga nata zuwa naira miliyan 5 a 2024, kuma da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin shekarar, da lambar BVN aka bi sawun masu ajiya aka tura musu kuɗinsu a wasu asusunsu. Tambayar da ta kamaci mai buɗe asusu ko'ina ita ce wa zai biya shi idan wurin ya rushe, kuma ko baƙo yana cikin waɗanda za a biya.

Musu na biyu ya fi ƙarfi, domin yana da tushe a al'ada. Me ya sa za a wahala da banki alhali ɗan canji a Wapa ta Kano zai karɓi naira da safe, abokinsa a Jidda ko Guwanzu ya miƙa riyal ko yuwan kafin la'asar? Wannan hanya tana aiki, tana da sauri, kuma amana ce ta riƙe ta shekaru aru-aru. Ta dace da aika kuɗi tsakanin mutanen da suka san juna. Inda take gazawa shi ne ajiya mai tsawo da ranar da aka rasa ɗaya daga cikin masu amanar. Idan mai ajiya ya rasu ba rubutu, magada ba su da abin nunawa. Idan wanda aka ajiye a asusunsa ne ya rasu, dukiyar ta shiga gadon wasu a idon dokar ƙasar. Ko asusun da mutum ya buɗe da sunansa ma, fitar da kuɗin bayan rasuwarsa sai da takardun kotu da fassara da tambarin ofishin jakadanci, shi ya sa ɓoye wa iyali labarin asusu zalunci ne ga marayu. Mafi muni shi ne aron asusu ko sayen wanda wani dillali ya buɗe da takardun da ba na mai saye ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Ɗalibin da ya bari aka ratsa da kuɗin da bai san asalinsu ba ta asusunsa don a ba shi ɗan kaso, a Ingila laifinsa na iya kai shi ɗaurin shekara 14, ban da korar makaranta.

Akwai kuma mai cewa tsarin gaba ɗaya rashin adalci ne, domin ɓarawon biliyoyi yana da lauyoyin da za su shirya masa takardu, talaka mai gaskiya ne ake tsayarwa a ƙofa. Wannan zargi yana da ƙamshin gaskiya. 'Yan Najeriya mazauna waje suna turo kimanin dala biliyan 20 gida duk shekara, amma aika kuɗi zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya fi na ko'ina tsada a duniya. Gyaran wannan aikin hukuma ne: a sa wa gidajen karkara adireshi, a kusanto da rajistar NIN da fasfo, a ƙarfafa tsarin PAPSS da aka ƙaddamar a Ankara a Janairun 2022 domin ɗan kasuwar Afirka ya biya maƙwabcinsa da kuɗin ƙasarsa ba sai ya nemi dala ba. Amma rashin adalcin doka ba ya kare wanda ya karya ta a ƙasar mutane. Shi kuma mai gudun kuɗin ruwa yana da mafita a gida da waje. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Dubai Islamic Bank yana nan tun 1975, Al Rayan yana Ingila, Nijar ma tana da bankin Musulunci.

Dokar gida ma tana da abin faɗa. Kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta wa shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu da ministoci da kwamishinoni da 'yan majalisa riƙe asusu a wajen Najeriya, dokar ɗa'ar ma'aikata kuma ta faɗaɗa hanin zuwa sauran masu riƙe da muƙamin gwamnati. Wanda ya dawo daga waje ya shiga siyasa ko aikin gwamnati sai ya rufe nasa. Duk mai tsallaka iyaka da abin da ya haura dala 10,000 dole ya bayyana wa kwastam, in ba haka ba ana iya ƙwacewa. Asirin ajiyar waje ma ya ragu, domin ƙasashe fiye da 100, har da Najeriya, suna musayar bayanan asusun baƙi tsakanin hukumomin harajinsu. A ɗaya ɓangaren, an sauƙaƙa wa mazauna waje: a 2025 Babban Banki ya fito da asusu na musamman dominsu, da hanyar samun BVN ba sai sun dawo gida ba. Ma'aikacin da ke Riyad yana iya riƙe asusun albashi a can da na ajiya a nan, duka da sunansa, ba sai ya damƙa gumin shekaru a hannun wani ba.

Saboda haka, kai mai shirin fita daga Damari ko Faskari ko Ƙanƙara, fara da abin da ke kusa. Daidaita sunanka a NIN da BVN da fasfo, ka riƙa ratsa kuɗin cinikinka ta asusu, ka shiga ƙasar mutane da bizar da ta dace da abin da ya kai ka, ka buɗe asusu da kanka a bankin da ke da lasisi, kada ka ba dillali ko sisi don ya buɗe maka. Ka tambayi abin da ake cirewa duk wata da abin da zai faru idan izinin zamanka ya ƙare, ka rufe asusun kafin ka baro ƙasar, ka kuma rubuta wa iyalinka sunan bankin tare da shaidu biyu. Idan kuwa ba ka zaune a can, ba ka karatu a can, ba a biyanka daga can, ajiye kuɗinka inda ƙafarka za ta iya kai ka.